Kwanson Bindigar Mai Lofe

Duk wanda ya saba bin layin da ke bayan tsohuwar masaƙa a Makera ya san rumfar Baba Albert Shekari, ko da bai san sunan mai ita ba. Rumfa ce ta kwano huɗu, jingine da katangar gidansa, cike da injinan markaɗe da aka kwance wa ciki da kawunan keken ɗinki. Shi kuwa yana tsakiyarsu a zaune, dogo, siriri, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Mace za ta kawo inji ta ce yana wani irin kuka, sai ya sa a tayar, ya kara kunne, ya ce, "Boris ne ya ci," tun kafin ya ɗauki sifana. Da wuya ka ji ya yi kuskure.

Mutane ƙalilan ne suka san yana da bindiga, waɗanda suka taɓa ganinta kuwa ba su kai yatsun hannu ba.

Bindigar ta girmi auren Albert, ta kusa yin sa'a da shi kansa. Mahaifinsa, Shekari, mai bin sawun namun daji ne, kuma a zamanin haƙar kuza ya yi wa wani Bature aiki a ƙasar Jos. Sunan Baturen ya gagari harshen mutane, sai suka sa masa Mai Lofe, don ba a raba bakinsa da lofen taba. Injiniya ne mai taurin kai, irin wanda ba ya yarda da abin da kamfani ya ƙera sai ya sa masa hannu. Harsashin da ake sayarwa bai gamsar da shi ba, sai ya zana nasa, ya sa wani maƙerin bindiga na ƙasarsu ya gyara cikin bututun daidai da zanen. Daga ranar bindigar ta daina karɓar harsashin kowa sai nata.

Da Mai Lofe zai koma gida, sai ya bar wa Shekari ita, da takardunta, da wani akwatin katako. A cikin akwatin akwai kwanson harsashi sittin na tagulla, da ƙarafan da ake matse su, da ɗan ma'auni, da gwangwanin albarushi, da ƙananan huluna da ake sa wa a gindin kwanso su tayar da wuta. Ya koya masa yadda ake sake cika kwanson da aka harba. Shekari ya koma ƙauyensu a ƙasar Kaciya, ya zama wanda ake kira idan aladun daji sun addabi gonaki.

Albert bai gaji dajin ba. Yana da shekara ashirin da ɗaya ya zo Kaduna, ya shiga masaƙa a Kakuri, ya koyi aikin fita, wato gyaran injina, ya yi shekara talatin yana lallashin injinan saƙa. A nan ya auri Scholastica, 'yar ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu, suka haifi yara huɗu. Da mahaifinsa ya rasu, 'yan'uwa suka taru suka ce bindiga ta Albert ce, don shi kaɗai ne ya iya zama kusa da tsohon yana kallon yadda ake cika kwanso ba tare da ƙosawa ba. Ya mayar da lasisin da sunansa, bai taɓa barin sa ya mutu ba. Ko a shekarar da aka rufe masaƙa, gidan ya koma cin tuwo sau ɗaya a rana, sai da ya je ya sabunta.

Sau ɗaya a shekara yake buɗe akwatin. Wata Lahadi a cikin Nuwamba, bayan an dawo daga coci, zai shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur kusa da taga, ya jera kayan. Ranar ba a kunna risho a gidan sai ya gama, doka ce ta Scholastica, ba tasa ba. Zai cika uku ko huɗu, a hankali, yana duba ɗan littafin da Mai Lofe ya rubuta ma'auninsa a ciki, ko da yake ya haddace. Da Kirsimeti ya je ƙauye ya harba ɗaya ko biyu, ya tsince kwansonsa daga ciyawa ya sa a aljihu.

Amma kwanso yana tsufa. Duk harbi yana buɗa shi, duk matsewa tana gajiyar da shi, har wata rana wuyansa ya tsage. Sittin suka koma arba'in tun mahaifinsa na da rai. A hannun Albert suka koma ashirin, suka koma goma sha biyu. Shekarar da ya cika saba'in da biyu, bakwai suka rage.

A cikin Oktoban shekarar ne ƙaninsa Jonathan ya kira shi daga ƙauye.

"Yaya, akwai wani alade a nan da ya fi ƙarfinmu," in ji shi. "Ya gama da rogon Mama Ladi, ya shiga doyata. Shekaranjiya matata ta je rafi, ya fito mata daga cikin ciyawa, ya yage mata ƙauri. Ɗinki tara aka yi mata."

"Masu bindigar toka fa?"

"Sau biyu suna samun sa. Ƙara masa mugunta kawai suka yi. Yanzu mata ba sa zuwa rafi sai da rakiya."

Albert bai jira Nuwamba ba. Washegari ya buɗe akwatin, ya ɗauki kwanson ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa a hasken taga, yana bin wuyansu da farce. Huɗu sun tsage. Ukun da suka rage ma, da ya shafa su ya ji sun yi laushi kamar gwangwanin madara. Ya daɗe zaune yana kallon su.

"Baban Edith, lafiya?" in ji Scholastica daga bakin ƙofa.

"Bindiga tana nan garau," ya ce. "Abincinta ne ya ƙare."

Ya fara da shagon da ke da izinin sayar da harsashin farauta a cikin gari. Ya hau Keke Napep ya ƙetare gada, kwanso ɗaya naɗe a hankici. Mai shagon ya jujjuya shi, ya gwada shi da duk wanda yake da shi, ya ɗauko wani tsohon littafi mai hotuna ya bi shafi-shafi.

"Baba, shekarata ashirin da shida a wannan sana'a," ya ce, "ban taɓa ganin mai irin wannan kafaɗar ba. Ko lambar da ke jikin bindigar taka babu ita a littafi. Ka rataye ta a bango kawai, ka sayi mai baki biyu."

Albert ya yi godiya, ya naɗe kayansa. Mai baki biyu ba za ta yi wa wannan aladen komai ba sai daga kusa, kuma shi ya wuce shekarun tsere da alade.

Babbar 'yarsa Edith, wadda ke aikin gwamnati tana zaune a Barnawa, ita ta ɗauki hoton kwanson da rubutun jikin bututun, ta sa a wani dandali na masu sha'awar tsofaffin bindigogi. Bayan kwana huɗu ta zo gidan da yamma, ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Baba, wani tsoho ya amsa daga Turai. Ya ce ya san irinta. Ya ce wanda ya ƙera ta bai yi fiye da goma sha biyar ba, kuma shi a zatonsa duk sun ɓace. Yana ta murna kamar an ce masa ɗansa ya dawo."

"Yana da harsashin?"

"Babu. Ya ce ba a taɓa yin sa a kamfani ba. Wai daga kwanson wata bindigar soja ta da ake matse shi." Ta ƙara duba wayar. "Yana tambaya ko za ka sayar."

"Ki ce masa na gode. Ki ce masa tana aiki."

Maganar ba ta tsaya a gidan ba, don Scholastica ta roƙi addu'a a zumuntar mata saboda matar Jonathan, kuma daga nan zance ya yi ƙafa. Ranar wata Alhamis da hantsi wani mutum ya tsaya a bakin rumfar, kakkaura, mai kimanin shekara arba'in da biyar. Ya ce sunansa Emma, yana sayar da tayoyi a Gonin Gora. Ya gaisa da ladabi, ya jira har mai injin markaɗen da ke wurin ta tafi, sannan ya tsuguna ya buɗe bakin wata baƙar leda. Kwanson harsashi ne a ciki, sun fi ɗari, wasu ma ba a harba ba.

"An ce irin wannan ake matsewa a yi naka, Baba. Ka ɗauki yadda kake so."

Albert bai taɓa ledar ba. "A ina ka samo?"

"Baba, wannan ba abin tambaya ba ne."

"To me kake so a wurina?"

Emma ya sunkuyar da kai. Ya ce sau biyu mahara suna shiga ƙauyensu a bana. An kashe ƙanin mahaifinsa a gona, an tafi da mata uku. Samarin garin suna da 'yan bindigogi amma ba abin sa musu. Idan Baba zai nuna wa mutum ɗaya kawai yadda ake cikawa, shi ke nan.

Albert ya ji maganar har cikin ƙashinsa, don shi ma ya je jana'iza irin wannan fiye da sau ɗaya. Ya aika aka kawo wa baƙon ruwan sanyi, ya bar shi ya sha.

"Ɗana," ya ce, "tun ranar da bindigar nan ta zo hannuna, duk harsashin da na cika zan iya gaya maka inda ya tafi. Wannan alade ne a gonar wane, wannan gada ce a bakin dutse, wannan na yi kuskure ya shiga bishiyar ɗorawa. Wanda zan koya wa mutuminka, idan ya bar nan, wa zai zo ya gaya mini inda ya sauka? Yau yana hannun mai tsaron gari. Gobe fa, idan ya yi faɗa da maƙwabcinsa a kan iyakar gona?"

"Baba, kashe mu ake yi."

"Na sani. Ban ce ƙarya kake yi ba. Amma ba zan iya ba."

Emma ya ɗaure ledarsa ya miƙe. Bai yi rashin kunya ba, sai dai bai yi sallama ba. Ranar Albert bai ƙara taɓa aiki ba, kuma da Scholastica ta kawo abinci kaɗan ya ci. Ya gaya mata yadda aka yi. Ta ce ya yi daidai. Ya ce ya san ya yi daidai, amma hakan bai sa ya ji daɗi ba.

Ita ce ta tuna masa da Malam Zakariyya'u.

Malam Zakariyya'u shi ne mai injin sassaƙa ƙarfe a masaƙa a zamaninsu. Shekara ashirin da biyu suna aiki a ɗaki ɗaya, Albert ya kawo ƙarfen da ya karye, Zakariyya'u ya sassaƙa masa sabo. A da gidansa yana layi na uku daga na Albert, amma bayan rikicin shekarar dubu biyu ya kwashe iyalinsa ya koma Tudun Wada, kamar yadda wasu suka kwaso nasu suka dawo wannan ƙetaren. Yanzu yana da shago a Panteka. Sun fi shekara biyu ba su haɗu ba.

"Oga Fita!" in ji Zakariyya'u da ya hango shi. "Ashe kana da rai? Wane injin ne ya gagare ka har ka tuna da ni?"

Albert ya kwance hankicin. Zakariyya'u ya sa tabarau, ya ɗauko ma'auninsa, ya auna gindi, ya auna kafaɗa, ya leƙa ciki. Ya saurari labarin duka bai katse ba.

"Ana iya sassaƙa shi daga sandar tagulla," ya ce. "Ba zai yi ƙarko kamar na Bature ba, amma zai yi harbi uku ko huɗu. Sai dai abu biyu. Na farko, ba zan kunna inji ba sai mun je mun gaya wa hukuma, da ni da kai da takardarka. Ban shirya tsufa a gidan yari ba."

"Na biyu fa?"

"Na biyu, kada ka gaya wa limaminmu cewa da hannuna aka yi farautar alade."

Suka je tare. Jami'in da ke riƙe da rajistar masu lasisi, wani mai furfura da ya san Albert shekara da shekaru, ya karanta takardun, ya kira na sama da shi a waya, ya sa suka dawo bayan mako guda. Da suka dawo ya ce kwanso biyar kawai, na wannan bindigar kaɗai, kuma a kawo masa ya gani ya rubuta.

Aikin ya ci kwana goma sha takwas. Kullum da safe Albert zai rufe rumfarsa ya ƙetare gada. Na farko da suka yi ya yi kauri, ya ƙi shiga ma'aunin da Albert ya zo da shi. Na biyu ya yi siriri, ya lotsa a hannu. Na uku suna gab da gamawa aka ɗauke wuta, ƙarfen yanka ya kafe a ciki. Zakariyya'u ya yi salati, Albert ya yi dariya, suka fita suka sayi rake suka zauna a kan benci suna lissafa abokan aikinsu na masaƙa, wane ya rasu, wane ya koma ƙauye, wane yana gadi a wani otal. Idan lokacin azahar ya yi, Zakariyya'u ya tafi masallaci, Albert ya zauna ya tsare masa shago, har ya sayar masa da kusoshi.

A kwana na goma sha takwas kwanso biyar suka tsaya a jere a kan benci, suna ƙyalli kamar sababbin 'yan kunne. Albert ya kai su aka gani aka rubuta. Ranar Lahadi ya shimfiɗa farin ƙyallensa ya cika su da ragowar albarushin da ke gwangwani.

Ya tafi ƙauye a farkon Disamba, da rana tsaka, bindiga a cikin jakarta, takardu a aljihun gaba. A shinge uku aka tsayar da motar, a kowanne ya sauka ya yi bayani. Da ya isa bai yarda ya sa bindigar a kafaɗa ba sai da ya gwada. Ya kai ta wani tsohon ramin da ake haƙar tsakuwa, ya ɗaure ta a jikin taya, ya ɗaura igiya a kunamar, shi da Jonathan suka koma bayan dutse ya ja. Ƙarar ta cika ramin. Ya je ya zare kwanson ya duba shi a rana. Ko tsaga babu.

Kwana uku suna bin sawu. A rana ta huɗu, gari ya waye sosai har rana ta fara taɓa kan bishiyoyi, suna zaune a kan wani dutse da ke kallon gonar rogo a bakin rafi, Jonathan ya taɓa masa gwiwa. Aladen ya fito daga cikin ciyawa, baƙi, ƙato, yana ɗingisa ƙafar baya inda aka taɓa harbinsa. Ya tsaya ya shaƙi iska, ya sa hanci a ƙasa ya fara tono.

Albert ya ɗaga bindiga, sai ya ga abin da bai gaya wa kowa ba ya fi yadda yake zato. Watanni ke nan idonsa na dama yana yi masa hazo. A rumfa bai dame shi ba, don hannu da kunne ke yin rabin aikin. A nan kuwa ɗan tsinin da ke bakin bututu ya narke, aladen ya zama wani baƙin abu marar iyaka.

"Yaya, harba," in ji Jonathan a cikin raɗa.

Bai harba ba. Mahaifinsa ya sha gaya masa cewa dabbar da aka raunata ta fi wadda ba a taɓa ba haɗari, kuma shaida tana kwance a gida da ɗinki tara. Ya jira. Aladen yana tono yana matsowa, kunya bayan kunya, har Albert ya fara jin gurnaninsa da ƙarar rogon da yake taunawa. Sai da ya rage bai fi taku talatin ba, ya juya ya ba da gefe, kafaɗarsa ta fito sosai, sannan Albert ya ja kunama.

Aladen ya yi taku biyu ya kife. Bai ƙara motsi ba.

Jonathan ya yi ihu ya ruga ƙauye kiran mutane. Albert ya zauna a inda yake, bindiga a kan cinya. Taku talatin. Da ya kuskure, da babu lokacin sa na biyu, kuma ba shi kaɗai ne a kan dutsen ba.

Maza shida ne suka ɗauki naman a kan itace. Aka raba gida-gida, matar Jonathan ta samu cinya guda, ta ce ita da aladen yanzu sun yi biyan bashin ƙafa, mutane suka yi ta dariya. Da Albert zai dawo, ƙauyen suka haɗa masa galan na zuma da rabin buhun citta da acca. Bai sauke su a Makera ba, kai tsaye ya wuce da su Panteka.

"Wannan ba ruwansa da alade ko?" in ji Zakariyya'u yana shinshina zumar.

"Ƙudan zuma ne suka yi, ka tambaye su."

Bayan sabuwar shekara Albert ya goge bindigar, ya shafa mata mai, ya ɗauke ta da akwatin da harsashi ukun da suka rage ya kai wa jami'in nan ya ce a ajiye masa a ma'ajiyarsu. Jami'in ya tambaye shi ko wani abu ya faru. Ya ce babu, ido ne kawai. Yaransa maza biyu suna Legas da Abuja, babu wanda ya taɓa zama ya kalli yadda ake cika kwanso, kuma bai ga laifinsu ba.

Edith ce ta matsa sai an duba idon. Likita ya ce yanar ido ce, aikin rabin awa. Aka yi a cikin Maris. Washegari da safe ma'aikaciyar jinya ta kwance bandejin a hankali, ta ce ya buɗe. Haske ya shigo masa kamar an wanke gilashin taga. Ya ga zaren labule ɗaya-ɗaya, ya ga rubutun da ke jikin kalanda a bango. Sannan ya juya ya ga Scholastica zaune a gefen gado da kwanon kunu a hannu, ɗankwalinta ya zame baya. Ya ƙura mata ido har ta tsargu.

"Mene ne?" ta ce.

"Maman Edith, yaushe kika yi wannan furfurar haka?"

"Ta fi shekara biyar," in ji ta, ta gyara ɗankwalin. "Karɓi kununka kafin ya huce."